Kwarin Haɗeja: Tambayoyin Da Ke Jiran Wakilin Karkara A Majalisa

Kowace shekara da zarar watan Agusta ya kama, manoman da ke zaune a bakin Kogin Haɗeja, tun daga Ringim da Taura da Miga har zuwa Auyo da Kirikasamma da Guri, ba su sake yin barci mai nauyi sai kaka ta yi. Lokacin ne gero yake fitar da kai, shinkafa take ɗaukar ciki, lokacin ne kuma kogi yake cika yana neman hanya. Idan ya samu, wahalar shekara guda takan tafi a dare ɗaya.

Abin da ke biyo baya kowa ya haddace shi. Manya za su zo jaje da jerin motoci, a raba buhunan hatsi da tabarmi da gidan sauro, a ɗauki hotuna, a yi alkawari, sa'an nan a watse sai baɗi. A cikin 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, bisa ƙididdigar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa. A cikin 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tsakanin waɗannan shekaru goma an yi zaɓe har sau biyu, an tura wakilai Dutse da Abuja. To, mene ne aikin wakilin da ya fito daga irin waɗannan ƙauyuka, ban da shiga ayarin masu jaje?

Inda Gizo Ke Saƙar

Kafin wakili ya tambayi gwamnati, wajibi ne ya san abin da zai tambaya. Ambaliyar kwarin Haɗeja tana da tarihi, kuma akwai hannun ɗan Adam a cikinta. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a cikin 1974, zamanin mulkin Audu Baƙo, aka kammala ta Challawa a cikin 1992. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Babu mai musun amfanin madatsun, domin su ne suka rayar da noman rani a Kadawa da Kura, su ne kuma ke shayar da birnin Kano.

Amma fa sun sauya ɗabi'ar kogin. A da, yakan cika da damina ya share hanyarsa da ƙarfin ruwa, da rani kuma ya ƙafe ƙaf. Bayan an datse shi sai ya zamana ruwa yana gangarowa a hankali kusan duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kachala daɗi, ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, cikin kogi ya cike. Saboda haka idan ruwan sama ya yi yawa, ko aka saki ruwa daga madatsun, sai ya rasa inda zai bi, ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Wani abin takaici kuma shi ne, yayin da wasu garuruwa ke nitsewa, wasu da ke can ƙasa ruwan ya daina isa gare su sosai.

Ɓarnar kachala ba ta tsaya nan ba. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana suna hayayyafa, su fito da safe su afka wa shinkafa da gero. A ruwan da ta tare sauro ke ƙyanƙyasa, a nan kuma ake samun ƙananan dodon-koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya. Watau ciyawa ɗaya ta haɗa ambaliya da asarar amfanin gona da ciwo wuri guda. Wakilin da ya gane haka ba zai yarda Ma'aikatar Lafiya ta tura shi Ma'aikatar Gona, ita kuma ta tura shi ta Muhalli ba.

Ikon Da Doka Ta Ba Shi

Mutane da yawa suna zaton ɗan majalisa ba shi da abin yi sai roƙo. Tsarin Mulkin 1999 bai faɗi haka ba. Sashe na 14 ya bayyana cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 128 ya ba Majalisar Dokokin Jiha ikon bincikar duk wani jami'i ko ma'aikata da ke kashe kuɗin da majalisar ta amince da su, domin a tona cin hanci ko sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida ko ya kawo takardu, idan ya ƙi ba tare da hujja ba a ba da takardar kamo shi. Majalisar Tarayya tana da irin wannan iko a sashe na 88 da na 89.

Bugu da ƙari, gwamna ba shi da ikon taɓa kuɗin jiha sai da dokar kasafi, ita kuwa dokar kasafi a hannun majalisa take. Haka nan Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha majalisa yake miƙa wa rahotonsa, akwai kuma kwamitin da aikinsa ke nan ya bi diddigin rahoton. Ashe ke nan makamai suna nan a rataye, mai ɗauka ake nema.

Sai dai dole wakili ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sarrafa ruwan manyan madatsun nan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke cikin hukumomin koguna da Gwamnatin Tarayya ta kafa a cikin 1976. Don haka tambayar yaushe ake sakin ruwa, nawa ake saki, wa ake sanarwa, kwana nawa kafin a saki, aikin ɗan Majalisar Wakilai ne da Sanata. Tambayar jinga da magudanai da matsugunin waɗanda ruwa ya kora kuwa ta ɗan majalisar jiha ce. Akwai kuma Asusun Kula da Muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kasonsu daga cikinsa a rabon arzikin ƙasa. Nawa ya shigo bara? A wane gari aka kashe shi? Wane ɗan kwangila ya karɓa? Wannan tambaya ce da kowane wakili zai iya yi a rubuce, ya nemi amsa a rubuce.

Babu kuma uzurin cewa abin ya zo bagatatan. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Madatsar Bagauda ta ɓalle a cikin 1988. Ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara talatin bayan ambaliyar da ta auka wa birnin a cikin 1994. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Bayan Ruwa, Sai Ciwo

Idan ruwa ya janye yakan bar baya da ƙura. Rijiyoyi sun gauraya da shadda, sauro ya yi yawa, macizai sun hau tudu inda mutane suka fake, hanyar zuwa babban asibiti ta yanke. A cikin 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,500, yawancinsu a jihohin Arewa. A irin wannan hali, ƙaramin asibitin da ke mazaɓa shi ne tsakanin mai naƙuda da kabari.

A nan akwai misalin da ke nuna cewa matsin majalisa yana haifar da ɗa mai ido. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Shekaru suka wuce ba a sa ko kwabo ba, sai a kasafin 2018 da Majalisar Tarayya ta cusa kimanin naira biliyan 55. Rabin kuɗin an tsara shi domin inshorar lafiyar marasa ƙarfi, kashi 45 domin magunguna da kayan aiki da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kashi biyar domin agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki.

Wakilin karkara ba ya bukatar digiri kafin ya bi sawun wannan kuɗi. Ya je asibitin mazaɓarsa ba tare da sanarwa ba. Akwai unguwarzoma mai kwana a wurin? Firjin allurar rigakafi yana aiki? Akwai ruwan ƙari da maganin sarar maciji? Kuɗin da aka ce ana turowa suna isowa? Abin da ya gani ya kai shi gaban Kwamishina a zauren kwamiti. Ya kuma tuna wa gwamnati alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a cikin 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Ya lura kuma da cewa rubuta adadi a kasafi daban, sakin kuɗin daban.

Taki A Kan Kari

Haka batun yake a gona. A Maputo a cikin 2003 an yi alkawarin ba aikin gona kashi goma cikin ɗari. Amma manomin Guri ba kashi yake tambaya ba. Tambayarsa ita ce taki ya iso kafin shuka ko sai bayan an yi huɗa, wa ya rubuta sunayen masu karɓa, kuma yaushe rabon da malamin gona ya taka ƙauyensu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ba da ruwa da inji ya ninka, alhali noman rani shi ne hanyar da wanda ambaliya ta cinye yake farfaɗowa. Buhun shinkafar agaji yakan ƙare cikin mako biyu. Iri mai saurin nuna da taki da injin ban-ruwa, idan sun iso a watan Nuwamba, su ne ke ciyar da gida har wata damina. Wakili mai kishi a kan wannan zai dage.

Abin Da Ke Ɗaure Masa Hannu

Gaskiya ɗaya ce, ba abu ne mai sauƙi ba. A yawancin jihohi jam'iyyar gwamna ce ke da rinjaye a majalisa, tikitin takara kuwa sau da yawa daga gidan gwamnati yake fitowa. Wanda ya cika tambaya sai a ce ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa. An gyara Tsarin Mulki a cikin 2018 da kuma 2023 domin majalisun jihohi su riƙa samun kuɗinsu kai tsaye, amma 'yancin aljihu ba ya sa mutum ya yi ƙarfin hali idan ba shi da shi.

Su ma masu zaɓe suna da nasu kason. Idan abin da ake auna wakili da shi shi ne ragon suna da kuɗin magani da kujerar Makka, to dole ya lallaɓa mai riƙe da baitulmali, domin daga can abin rabon yake fitowa. Wanda ya karɓi kuɗin magani yau, gobe ma zai dawo, tun da asibitin yana nan babu magani.

Tarihi kuwa ya nuna cewa murya ɗaya tana iya motsa dutse. A watan Agusta na 1950 wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin a sake duba tsarin mulkin En'e, a lokacin da faɗin haka yake da haɗari ƙwarai. Ƙudurin ya wuce, aka yi bincike, gyare-gyare suka biyo baya har zuwa Dokar En'e ta 1954. Tarihi ya kuma nuna abin da ke faruwa idan kukan manomi ya rasa mai kai shi. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoman da aikin madatsa ya cinye wa gonaki sun daɗe suna neman diyya, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka.

Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yashe kogi da cire kachala da ɗaga jinga duk aikin rani ne. Kasafin da zai biya su kuwa a ƙarshen shekara ake kai shi majalisa. Saboda haka lokacin da ya kamata a ji muryar wakilin kwarin Haɗeja shi ne daga Nuwamba zuwa Mayu, sa'ad da ƙasa take bushe, ba ranar da kwalekwale ke yawo a tsakiyar gari ba.

Jama'a ma suna da hanyarsu. Ƙungiyar manoma ko ta masunta ko ta mata tana iya rubuta koke ta miƙa wa majalisa ta hannun wakilinta, ta ajiye kwafi. Sashe na 110 ya ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan majalisar jiha kiranye, ko da yake sharaɗinsa yana da tsauri, don sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce ranar da ya dawo neman ƙuri'a, dattawan gari su zaunar da shi su tambaye shi ƙuduri nawa ya kai a kan kogin nan, Kwamishina nawa ya sa aka kira, da kuma amsar da aka ba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa aka zaɓi ɗan gari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba wakilanmu ikon sauke nauyin da suka roƙa aka ɗora musu.