Sanyin hunturu: Wuta a ɗaki, ta ina hayaƙin zai fita?

Daga watan Disamba zuwa Janairu, idan buji ya taso, sanyin asuba a jahar Maraɗi yakan sauka ƙasa da digiri 15. A irin wannan lokaci, daga Agye da Gazawa har zuwa Gidan Rumji, abin da muka saba shi ne a cika kasko da garwashi a shigar da shi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ja ƙyaure a kwanta. Ga kuma ruwan wankan jego da ake dafawa safe da yamma har kwana arba'in, wanda a wasu gidaje na cikin gari ya tashi daga kan itace ya koma kan gas, tun bayan da matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, butalin gas ya yawaita a kasuwa.

Abin da da yawa daga cikinmu ba mu lura da shi ba, kowace wuta tana bukatar hanya biyu: ta shigar iska da ta fitar hayaƙi. In aka toshe ɗaya, wutar ba ta ci sosai, sai ta riƙa fitar da wata guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi jajir, wanda muke cewa hayaƙinsa ya ƙare, yana ci gaba da fitar da ita. Idan aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iska.

Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala. Shi ya sa akan ɗauka masassara ce ko abinci ne ya ɓata ciki, wasu ma su ce iskoki ne. Amma in mutanen ɗaki guda suka kamu a lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da aka fita da su waje, to a dubi wutar da ke ɗakin. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi su suka fi saurin faɗuwa.

A ƙasashen sanyi, inda ake ɗumama gida da tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas, hukuma ba ta wasa da wannan batu. A Faransa, tun 2009 doka ta wajabta a kira ƙwararre ya duba irin wannan tukunya sau ɗaya kowace shekara. Sabbin tukwanensu ma a rufe suke ruf, suna da bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya: na waje yana jawo iska daga bayan gida, na ciki yana fitar da hayaƙi, ta yadda wutar ba ta taɓa iskar ɗaki.

Mu nan ba mu da irin waɗannan tukwane sai ɗaiɗaiku, amma ƙa'idar ɗaya ce ga mai gidan burodi, da mai tuyar ƙuli-ƙuli a ɗakin girki, da maigidan da ya kafa na'urar zafafa ruwa ta gas a banɗaki. Hayaƙi mai zafi sama yake yi, don haka bututu ya miƙe sama, kada ya sunkuya ƙasa, kada lanƙwasa ta yi masa yawa. Bakinsa ya zarce rufin kwano, ya yi nesa da taga, in ba haka ba iska za ta maido da hayaƙin ciki. Kada maƙeri ya rage faɗinsa ya kasa bakin murhun. A ɗora masa hula saboda ruwan sama, a kuma leƙa shi kafin shigar sanyi, domin sheƙar tsuntsu ko gidan zanzaro ko ƙura na iya toshe shi. A bar kafar iska a ƙasan bango ko ƙofa, wadda ba a toshewa ko da ana sanyi.

Shi ma gas yana nuna halin da yake ciki. Harshen wuta shuɗi alamar lafiya ce; in ya koma rawaya, ko gindin tukunya ya fara baƙi, a kashe a nemi mai gyara. Janareta kuwa wurinsa tsakar gida ne nesa da taga, ba zaure ko shago a rufe ba.

Idan abin ya auku, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a kashe wutar, a garzaya likita mafi kusa ko a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Madara ko manja ba sa karya wannan guba. Maganinta iskar oksijin ce ta asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Muna kira ga limamai da masu gari da gidajen rediyon karkara su riƙa tunatar da jama'a: a ɗumama ɗaki, amma a fitar da kasko kafin a kwanta. Allah Ya kiyaye mu.