Gyaran Filin Marakana: Riba Da Hasara

Daga Wakilinmu

Duk mai sha'awar ƙwallon ƙafa ya san sunan Marakana, watau babban filin wasa na birnin Riyo-de-Janairo a ƙasar Birazil. An buɗe shi a 1950 domin Gasar Cin Kofin Duniya, kuma ran 16 ga watan Yuli na wannan shekara mutane kusan 200,000 suka cika shi maƙil, suka ga Yurugai ta doke Birazil da ci 2 da 1. Da yawa daga cikinsu a tsaye suka yi kallo.

Sannu a hankali filin ya tsufa. A 1992 wani shingen ƙarfe na bene ya karye kafin a fara wasa, mutum 3 suka rasu. Bugu da ƙari, hukumar FIFA ba ta yarda da kallo a tsaye a manyan gasanninta. Saboda haka da aka ba Birazil Gasar 2014, sai hukuma ta rufe filin a 2010 don a yi masa gyara na sosai.

An bar bangon waje yadda yake, domin doka ta sa shi cikin kayan tarihi. A ciki kuwa an sāke wuraren zama, aka matso da su kusa da fili. Tsohon rufin kankare, wanda aka tarar ya lalace, aka sauke shi aka shimfiɗa sabo mara nauyi wanda ya rufe kusan dukan kujeru. Da aka buɗe shi a 2013, mutum wajen 78,000 kaɗai yake ɗauka, kuɗin aikin kuwa ya zarce miliyan 1,000 na kuɗin Birazil.

Babu shakka an samu biyan bukata. A nan Jamus ta ci Ajantina 1 da nema a wasan ƙarshe na 2014, a nan kuma aka yi bikin buɗe Wasannin Olimfik na 2016. Amma talaka ya ji a jikinsa. Sashen masu tsayuwa, inda lebura yakan shiga da 'yan kuɗi kaɗan, tun 2005 aka kawar da shi, bayan gyaran kuma kuɗin shiga ya hau.

Abin takaici ya biyo baya. A farkon 2017, watanni kaɗan bayan Olimfik, gardama ta tashi a kan wanda ya kamata ya kula da filin. Ciyawa ta bushe, ɓarayi suka kwashe kujeru da akwatunan talabijin, aka yanke wutar lantarki saboda bashi. Daga bisani aka farfaɗo da shi, manyan kulob na birnin suka ci gaba da wasa a ciki.

Mu ma a Nijeriya mun ga irin wannan a Babban Filin Wasa na Surulere a Ikko, wanda ya karɓi wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 1980 da 2000, daga baya aka bar shi ya lalace shekara da shekaru. Wajibi ne ma'aikatan da ke tsara irin waɗannan ayyuka su tanadi kuɗin kulawa na kowace shekara, su kuma fayyace wanda zai riƙe filin bayan baƙi sun watse, tun kafin a sa hannu a kwangila.