Farar Shadda a Rana Tsaka

Ranar Sallah a Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya, da an sauko daga idi sai wayoyi su fito daga aljihu, kowa ya zama mai hoto. Da yamma kuwa, in an zauna duba abin da aka ɗauka, sai a tarar farar shaddar maigida ta wanke fat, aikin wuyan da ya ci kuɗi ya ɓace, fuska ta yi duhu a ƙarƙashin hula.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kyamara auna hasken da ke gabanta take yi, ta nemi tsaka-tsaki. Farin yadi a rana tsaka da baƙar fata sun yi wa juna nisa, don haka sai ta ceci ɗaya ta saki ɗaya. Kamfanin Tecno ya samu karɓuwa a Afirka da kyamarar da aka saita don baƙar fata, amma ko ita ba ta iya kawar da rana daga tsakiyar ka. Wanda ya san hannunsa jan maigida zai yi zuwa inuwar darbejiya ko bakin zaure, inda haske ke shigowa ta gefe, har zaren aikin ya fito ɗaya bayan ɗaya.

Wannan sanin na'ura ne, ana iya koyonsa cikin 'yan makonni. Mai wuyar shi ne ido.

Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma yawanci sau ɗaya yake danna wa mutum saboda tsadar fim. Da farko ma zanen gadonsa yake ratayawa a bayan mai zama. Sai ya gyara wa mace zaman ɗankwali, ya ɗora hannunta kan rediyo, ya ɗan karkata mata kafaɗa. Hotunan nan yau suna manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Danna ɗaya tak ba ta yiwuwa sai ga wanda auna haske ya zame masa jiki.

Ido ne kuma ke zaɓen abin ɗauka. Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda aikin jinya ta karanta, ta fara ɗaukar jerin hotunanta mai suna Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai a jihar Borno sai kango. Ita 'yan makaranta da 'yan kasuwa da kwalliyar Sallah ta zaɓa.

A Kademi ma abin ɗauka bai ƙare a jera dangi a jikin bango ba. Akwai hannun tsohuwa mai ɓarar gyaɗa, akwai amalanke ta dawo daga gona da yamma. Hatta hazon hunturu, da masu hoton biki ke tsaki a kansa, yana tausasa haske har farar shadda da fuskar mai ita su fito tare a fili, ba sai an nemi inuwa ba.