Ruwan Zartsi da Itatuwansa: Daga Garwa Zuwa Bakin Teku

Kogin Binuwai, wanda ya ratsa ta Garwa a arewacin Kamaru, ruwan daɗi ne. Daga nan yakan wuce Yola, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, sannan ya gangara teku. Inda ruwan kogi ya gauraya da na teku, nan ake samun ruwan zartsi, wato ruwan da ya fi na kogi gishiri amma bai kai na teku ba. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35.

A irin wannan ruwa ne itacen mangurof yake tsirowa, kamar a bakin kogin Wuri da ke Duwala. Kada a rikita shi da mangwaro. Wani irinsa saiwarsa ce take tace gishiri, wani kuma ta ganye yake fitar da shi. 'Ya'yan wasu suna tsira tun suna bisa uwa, su faɗo su kafu a taɓo.

Ana iya renon mangurof a akwatin gilashi na kiwon kifi, ko da a Garwa ne. Sai a kafa tsiron a yashi, ganyensa a saman ruwa, inda haske yake da yawa. Gishirin teku ake sawa kaɗan-kaɗan. Kanwa ba ta yi, domin sinadarinta dabam ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, ruwa ya riƙa ƙafewa, gishiri kuwa ya zauna. Saboda haka ruwan daɗi ake ƙarawa. In aka ƙara mai gishiri, zartsin zai yi yawa har tsiron ya mutu.

Dangin giginya kuwa ba su dace da akwati ba. Giginya takan tura muruci can ƙarƙashin ƙasa. Goriba tana jure ƙasa mai gishiri, amma ba ta zama cikin ruwa. Wadda take zama cikin zartsi ita ce nipa, 'yar Asiya, wadda aka kawo Kalaba a 1906. Ganyenta yakan kai mita 9. Ta bazu har gaɓar Kamaru, tana mamaye wuraren da aka sare mangurof, inda kifi yake hayayyafa. Don haka mai renon baƙon tsiro kada ya zubar da shi a kogi.