Ruwan Sukari: Yadda A Ke Dafa Shi, Da Abin Da Ke Sa Ya Lalace

A cikin azumin shekarar 1446, watau watan Maris na 2025, sa'ad da zafin Sakkwato ya fara kankama, wani malami abokin aikinmu ya kira mu buɗa baki a gidansa da ke Sama Road. Da aka kawo zoɓo muka sha muka yaba, sai ya yi murmushi ya ce wannan zoɓon yana da labari. Uwargidansa tana yin zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa. Ta lura in ta zuba sukari cikin abin sha mai sanyi ba ya narkewa da wuri, sai ya kwanta a gindin roba, na sama ya fito salam, na ƙasa ya yi zaƙi har ya gundura. Don haka ta dafa sukari mudu guda da ruwa mai yawa, ta ɗura a kwalabe don ta riƙa tsiyayawa. Kwana huɗu ba su cika ba kwalaben suka yi kumfa, murfin ɗaya ya yi tsalle, wari mai tsami ya tashi. Tilas aka zubar da shi duka, jarin mako guda ya tafi.

Mun ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin wannan al'amari, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, domin kusan kowane gida akwai mai yin irin wannan sana'a ko mai shirin biki. Dabarar da uwargidan nan ta yi daidai ce. Abin da ya kayar da ita rashin awo ne kawai.

Ba Baƙon Abu Ba Ne

Kada wani ya zaci dafa ruwan zaƙi sabon ilmi ne da ya zo mana daga waje. Kakanninmu sun san maɗi. Su kan tara 'ya'yan ɗinya nunannu, su jiƙa, su tace, su dafa ruwan har ya yi kauri ya yi duhu. In aka ci gaba da dafa shi aka ja, sai ya zama alewa. Haka kuma a kan matse rake a dafa ruwansa har ya daskare ya zama mazarƙwaila, sana'ar da ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita. A nan ƙasar Sakkwato ma, Bature matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ba da labarin cewa a shekarar 1853 ya ga gonar rake tsakanin Wurno da Sakkwato, ta wani mutum da ya yi zaman bauta a Barazil ya komo gida, yana yin sukari da ita. Abin mamaki, har yanzu mafi yawan sukarin da mu ke sha a Nijeriya ɗanyensa daga Barazil ɗin a ke kawowa, a tace shi a Legas, ko da ya ke an kafa masana'antar Bacita tun farkon shekarun 1960, daga baya aka yi ta Numan, sa'an nan aka buɗe ta Sunti a Jihar Neja a 2018.

Ita kalmar sukari daga Larabci muka samo ta, su kuma Larabawa daga Farisa, asalinta kuwa ƙasar Indiya. Sunan da Turawa su ke kiran dafaffen ruwan sukari ma daga kalmar Larabci "sharab" ya fito, watau abin sha. Matanmu kuwa sun daɗe suna dafa shi don tsoma alkaki da dubulan na gara, in zuma ta yi tsada.

Iri Biyu Ne

Akwai tsararo, akwai mai kauri, kowanne da amfaninsa.

Tsararo shi ne a auna sukari kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya. Ko da gwangwanin madara aka auna ba laifi, muddin da abin da aka auna sukari da shi aka auna ruwa. Wannan ya kan ba da wajen kofi ɗaya da rabi. Shi ne ya dace da zoɓo, da kunun aya, da ruwan tsamiya, da lemo, domin yana gaurayuwa nan take ko da akwai ƙanƙara.

Mai kauri kuwa, sukari ninki biyu na ruwa ne. In da sikeli, a auna sukari kilo 1, ruwa rabin lita. In babu, sukari kofi biyu, ruwa kofi ɗaya. Wannan shi ne na ajiya, shi ne kuma tushen wanda a ke tsoma alkaki a ciki.

Ga yadda a ke yi. A sami tukunya mai tsabta wadda ba ta da maiƙon miya. A zuba ruwa da sukari, a ɗora bisa wuta marar ƙarfi, a riƙa juyawa da cokali har ƙwayoyin sukarin su ɓace, ruwan ya yi garau. Daga nan a daina juyawa, a bar shi ya tafasa minti biyu ko uku, a kwashe kumfar da ta taso. A matsa rabin lemun tsami a ciki, ko a zuba tataccen ruwan tsamiya cokali biyu. A sauke. Mai son ƙamshi ya jefa citta, ko kanumfari, ko na'ana'a tun yana kan wuta, ya bari su jiƙa kamar rabin sa'a, sa'an nan ya tace da ƙyalle mai tsabta. Amma a sani wanda aka sa wa ɗanyen ganye ko ɗanyar citta ya fi saurin lalacewa.

Kwalbar ajiya ta gilas ta fi. A wanke ta da sabulu, a dafa ta tare da murfinta cikin ruwa minti goma, a kife ta ta bushe. A ɗura ruwan sukarin da sauran zafinsa, a rufe da kyau, a liƙa 'yar takarda mai kwanan wata.

Dalilin Da Ya Sa Wani Ke Lalacewa

To, a nan ne malamai za su sami darasi mai kyau. A cikin iska da jikin kwanoni akwai ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, irin su yis da funfuna. Abincinsu sukari ne, amma ba sa iya rayuwa sai da ruwa. In sukari kaɗan ne cikin ruwa mai yawa, sun sami abinci da abin sha, sai su hayayyafa. Yis ya kan ci sukarin ya fitar da iska da barasa. Iskar ita ce ta ɗaga murfin kwalbar uwargidan nan, barasar kuwa ita ce dalilin da ya sa bai kamata a yi kwaɗayin ajiye abin da ya riga ya yi kumfa ba.

Amma in sukari ya kai wajen kashi biyu bisa uku na nauyin haɗin, sai ya riƙe ruwan ya hana su, har ya tsotse wanda ke jikinsu, kamar yadda gishiri ke yi wa nama. Wannan shi ne asirin zuma: ruwan da ke cikin nunanniyar zuma bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba, shi ya sa ta kan shekara a tulu ba ta canza ba. Kilo 1 na sukari cikin rabin lita na ruwa ya kai wannan mataki.

Saboda haka tsararo ya kan yi wajen wata guda in yana cikin firiji mai aiki. Amma mun san halin wutar lantarki, mun kuma san zafin Sakkwato ya kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Wanda ba shi da tabbacin sanyi kada ya dafa tsararo fiye da abin da zai ƙare cikin kwana biyu. Mai kauri ya kan yi makonni a rufe a wuri mai sanyi, kamar gindin randa. A riƙa tsiyayawa, kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali ko yatsa. Duk ran da aka ga ya gurɓace, ko ya yi kumfa, ko funfuna ta fito a samansa, a zubar. Kwashe na sama ba ya gyara na ƙasa.

Shi kuwa lemun tsami ko tsamiya, aikinsa ya wuce ɗanɗano. Tsami tare da zafi ya kan raba wani kashi na sukarin gida biyu, ya zama irin sukarin da ke cikin zuma da 'ya'yan itace, wanda ba ya saurin komawa ƙwaya-ƙwaya. Tsofaffin mata masu jefa tsamiya cikin sukarin alkaki sun gano wannan da hannunsu tun kafin a rubuta shi a littafin kimiyya.

Na Alkaki Da Alewa

In na tsoma alkaki ko dubulan a ke so, a ci gaba da dafa mai kaurin. Alamar ya yi ita ce a ɗebi kaɗan a cokali, a bari ya huce, a taɓa tsakanin babban yatsa da manuni. In aka buɗe ya yi zare, to ya isa, zafinsa ya kai wajen digiri 110. In an wuce haka, aka ɗiga shi cikin ruwan sanyi ya dunƙule, ya kama hanyar alewa. Wajen digiri 150 ya kan daskare ya karye kamar gilas. Bayan wannan sai ya yi ja, kafin a ankara ya ƙone ya yi ɗaci.

Muna gargaɗi ƙwarai a kan wannan. Tafasasshen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana manne wa fata. Kada a dafa shi da goyo a baya, kada a bar yara kusa da murhu. In ya zubo wa wani, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin wajen minti ashirin, kada a shafa manja ko man goge baki, sa'an nan a tafi asibiti.

Zuma Da Zaƙi Da Harbi

Akwai wani haɗari kuma. Sukarin da ya narke ba a ganinsa, saboda haka hannu ya kan zarce. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da a ke ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga baligi wannan wajen giram 50 ne, watau ƙaramin cokalin shayi 12, ta kuma ce rabin haka ya fi. To, babban cokali ɗaya na tsararo yana ɗauke da sukari kamar cokalin shayi biyu, na mai kauri kuwa kamar uku. Ashe babban cokali huɗu na mai kauri ya cinye rabon yini guda, tun ba a ƙidaya na shayi da na fura ba. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likitansa, ya kuma sani zuma da mazarƙwaila da maɗi duk sukari ne a wurin jiki. Jaririn da bai shekara ba kuwa kada a ba shi zuma ko kaɗan.

Duk da haka, ruwan sukari yana da wata fa'ida. Tun da cokali a ke zuba shi, mai gida zai iya sanin abin da iyalinsa su ke sha. A kawo zoɓo ba zaƙi, a ajiye kwalba a gefe, kowa ya sa gwargwado, tsoho mai ciwo ya sha nasa haka nan.

Kira Ga Malamai

Muna roƙon malamai su kai wannan aiki aji. Da kofi biyu, da sukari kaɗan, da kwalabe biyu, za a koyar da lissafin kashi, da tsabta, da kimiyya a darasi guda. A dafa tsararo da mai kauri rana ɗaya, a ajiye su gefe da gefe, yara su riƙa dubawa kowace safiya suna rubuta abin da suka gani, amma ba wanda zai ɗanɗana. Gani ya kori ji. Yarinyar da ta ga wannan da idonta za ta koma gida ta gaya wa mahaifiyarta, jarin wata uwa ya tsira.

Uwargidan abokinmu yanzu mai kauri ta ke dafawa, kofi biyu da kofi ɗaya, da kwanan wata a jikin kwalba. Zoɓon da muka sha ran nan da shi aka haɗa. Allah ya sa wa sana'ar kowa albarka, amin.