Ɗanka ya ce zane zai karanta: me ya kamata ka sani?

Mai karatu, a shirinmu na ilimi na wannan mako mun taɓo maganar da ke haɗa iyaye da 'ya'yansu faɗa idan shekarar karatu ta kama. Yaro ya shiga babbar sakandare, ya ce shi darasin zane yake so, baba kuma ya ce likita ko injiniya, in ba haka ba a haƙura da bokon. Ga abin da muka tattauna, ga wanda bai samu saurare ba.

Ka fara riƙe wannan: ba a shekarar ƙarshe ake yanke shawarar nan ba. A Najeriya, tun yaro na shiga SS1 ake raba ɗalibai zuwa kimiyya, ko kasuwanci, ko ɓangaren adabi da fasaha, kuma darussan da ya ɗauka a nan su zai kai har jarrabawar WAEC ko NECO. A Gana ma, inda 'yan'uwanmu na zango suke, an daɗe ana koyar da zane a matsayin fanni mai zaman kansa, da saƙa da jima da ginin tukwane a cikinsa. A Nijar kuwa, rabon lise ya fi karkata ga A na adabi, da C da D na lissafi da kimiyya, don haka mai son zane yakan nemi ƙarin koyo a gefe. Ko'ina dai, wanda ya yi sake a farko, gyara yana wuya daga baya.

To, me ake yi a darasin? Wasu na ɗauka hutu ne, a ba yaro fensir ya yi ta wasa. Ina! Jarrabawar tana da rubutu, tana da aikin hannu. A rubutun za a tambaye shi tarihin fasaha, da ka'idojin launi, da yadda haske da inuwa ke fito da surar abu. A aikin hannun kuma sai a ajiye masa, misali, tulu da ƙwarya ko reshen itace, a ce zana abin da ka gani cikin lokacin da aka yanka. Sannan ga ƙira: tsara tambari, ko hoton talla, ko adon da za a buga a jikin atamfa. Wannan ba a haddace shi a daren jarrabawa. Hannu ne, sai ya saba. Shi ya sa malamai ke so yaro ya riƙe littafin zane yana cika shi kullum, kuma ya adana ayyukansa masu kyau, domin akwai makarantun gaba da sukan ce a nuna musu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa darussa. Yaro ya iya zane, yana mafarkin tsara gine-gine, sai ya guje wa lissafi. Ka ga ya rufe wa kansa ƙofa kenan, domin wannan fanni a jami'o'in Najeriya yana neman lissafi da fiziks. Ɗan Nijar da ke hangen makarantar EAMAU ta Lome, inda ake horar da masu tsara gine-gine da birane, shi ma sai ya ci Bak sannan ya ci gasar shiga. Saboda haka ka zauna da yaronka, ku fara da tambayar ina yake son zuwa, sannan ku duba sharuɗɗan wurin na bana, tunda manhaja tana sauyawa.

Akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, wato zana mai rai. Wannan magana ce ta malamai, ka kai musu ita. Amma ka sani fagen yana da faɗi: adon tufa, rini, dukanci, tsara littafi, ƙawata rubutu, zanen gini. Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, da dagi, da zayyanar Alƙur'ani, da adon bangon fadar Damagaram, duk ƙira ce.

Sai tambayar da kowa ke yi: zai ci abinci da shi? Ɗauko takardar naira 20 ka juya, hoton Ladi Kwali ne, mai ginin tukwane. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zane da sashen ƙirar masana'antu, kuma a Zariyar ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a Najeriya. Alphadi ya fara bikin FIMA a 1998 a hamadar yankin Agadas, ya ɗaga sunan ɗinkin Nijar. Mariam Issoufou kuwa kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma tsara gini, kuma tana cikin waɗanda suka mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa. Ba kowa zai kai nan ba, gaskiya ne. Amma duk allon shago, da kwalin sabulu, da fosta ta fim da ka gani, wani aka biya ya tsara.

Kada mu ɓoye maka, darasin yana cin kuɗi: takarda mai kauri, fenti, burushi, yadi. Makarantu da dama kuma ba su da malamin zane ma sam. Idan haka ne a garinku, kai yaron wurin mai buga allo, ko marini, ko baduku, ya riƙa zama da hutu. Kafin ka ce e ko a'a, ce masa ya kawo maka abin da ya zana a watan nan. In ya kawo littafi cike, to, da gaske yake.

Mu haɗu a shiri na gaba.