Lasisin gyaran jiragen sama: Ƙofar da Kafanchan za ta iya shiga ko babu filin jirgi

Duk lokacin da wani babban jirgin fasinja na Najeriya ya kai wa'adin binciken ƙwaƙwaf, yawanci sai a tashe shi fanko zuwa Habasha, Jodan ko Turai, a biya da dala, ya shafe makonni ba ya kawo ko sisi. Wannan asara ce ta sa maganar kafa cibiyoyin gyara a cikin gida ba ta fita daga bakin jami'an ma'aikatar sufurin jiragen sama. Sai dai ba a cika tambayar ina garuruwa irin su Kafanchan, Kachia da Zonkwa suke a wannan lissafi ba.

A doka, ba kowane mai spana ke da ikon taɓa jirgi ba. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ce kaɗai ke ba kamfani shaidar zama amintacciyar cibiyar gyara, wadda ma'aikatan fannin ke kira AMO. Sharuɗɗan suna cikin kashi na 6 na ƙa'idojin hukumar, kuma sun samo tushe daga mizanin ICAO, hukumar duniya da Yarjejeniyar Chikago ta 1944 ta haifar.

Tsaurin yana da tarihi. Haɗurran Bellview da Sosoliso a 2005, da na ADC a Abuja a watan Oktoba na 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa, sun girgiza ƙasar. Dalilansu sun bambanta, amma bayansu ne aka kafa dokar 2006 da ta ƙarfafa 'yancin NCAA, kafin dokar 2022 ta maye gurbinta.

Mai neman shaidar zai bi matakai 5. Da farko zai sanar da hukumar niyyarsa, a zauna da shi a fayyace irin aikin da yake son yi. Na biyu, ya miƙa cikakkiyar takardar nema tare da kundin tsarin aikinsa da sunayen shugabannin sassa. Na uku, sufetocin sashen lafiyar jirage su bi takardun shafi-shafi, su mayar masa da duk inda ya saɓa wa ƙa'ida. Na huɗu, su je wurin da kansu su ga ko abin da aka rubuta shi ake yi. Sai a mataki na biyar ake ba da shaidar, haɗe da takardar da ta ƙayyade nau'in jirgi ko kayan da aka yarje masa ya gyara. Wanda aka ba izinin birki ba shi da hurumin buɗe inji.

Abin da sufetocin ke nema ya wuce gini. Dole a samu shugaba guda mai ikon fitar da kuɗi, wanda alhakin komai ke wuyansa, da sashen sa ido mai zaman kansa da zai iya dakatar da aiki. Injiniyoyin da za su sa hannu su ce kaya ya dace ya koma jikin jirgi sai sun cika sharuɗɗan hukumar. Kayan awo suna da ranar da za a sake daidaita su, littattafan kamfanin da ya ƙera jirgin dole su zama na baya-bayan nan, kuma kowane ƙusa da ke ɗakin ajiya sai da takardar asalinsa. A wannan sana'a, aikin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

Hanyar doguwa ce amma tana ɓullewa. Kamfanin Aero Contractors na Legas ya samu izinin yin babban binciken da ake kira C-check ga jiragen Boeing 737 na tsohon yayi a 2017, ya kuma kammala na farko a farkon 2018.

Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce a fannin. Kwalejin NCAT da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyaran jirage. A birnin Kaduna akwai cibiyar fasaha ta Sojojin Sama, AFIT, kuma a tsohon filin jirgin garin aka haɗa ƙananan jiragen horaswa na Air Beetle. Duk waɗannan suna arewaci da tsakiyar jihar. Kudanci ba shi da filin jirgin fasinja, matafiyansa sai sun dangana da Jos, Abuja ko Kaduna.

To amma ƙa'idar ta raba izinin gida-gida: gangar jiki, inji, farfela, na'urorin lantarki, da ƙananan kayayyaki. Gangar jiki ce ke buƙatar katafariyar rumfa a gefen titin jirgi. Tayoyi, birki da batura kuwa a kan cire su ne a kai su bita, a gyara, a mayar. Irin wannan bita na iya zama a garin da jirgi bai taɓa sauka ba, muddin akwai wutar lantarki tsayayya, ɗaki mai tsafta, hanya mai aminci da ƙwararrun hannu.

Kafanchan ta san aikin ƙarfe. Tun wajen 1927 ta zama mahaɗar layin dogo tsakanin Fatakwal, Kaduna da Jos, garin ya girma a kan ma'aikatan reluwe da makanikansu. Yau tana da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiki da aka kafa a Kachia a 2025.

Saboda haka, hadimin da ke rubuta wa ɗan majalisar yankin jerin ayyukan mazaɓa yana da zaɓi. Filin jirgi na cin biliyoyi, kuma jihohi da dama sun gina nasu suna zaman jiran fasinja. Tallafin karatu da zai kai matasan Jema'a, Kaura da Zangon Kataf Zariya, ya riƙe su har su gama shekarun sanin makamar aiki su karɓi lasisi, bai kai haka tsada ba. Su ne sunayen da mai zuba jari zai rubuta a takardar nemansa, kuma su sufetocin NCAA za su fara tambaya.